Ɗan Duwan da Rigar Malam Manzo

Duk wanda ya san Mas'udu a ƙasar Guci ya san shi da son Hinda, ya kuma san shi da karensa. Son ya hana shi barci, karen kuwa ya hana shi sakewa cikin mutane.

Karen ja ne, siriri, kunnensa ɗaya a karye. Mas'udu ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a bakin tabki, ya raine shi da tsakin gero da madarar akuya, shi kuma ya saka masa da gadin awaki, har ɓarayi suka daina bi ta bayan gidansu. Sai da ya balaga halinsa ya fito. Sauran karnuka a gindin itace ko turken jaki suke ɗaga ƙafa, shi kuwa sai a jikin mutum. Da zarar baƙo ya tsaya wuri ɗaya, musamman in ya shafa turare, sai ya zagayo ta baya, ba haushi ba gurnani, ya shinshina, ya ɗaga ƙafa ya ɗiga abin da ya sawwaƙa, ya yi gaba abinsa. Ya yi wa mai tallan atamfa daga Magariya, ya yi wa direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, ranar da ya zo gaishe da mai gari. Samari suka raɗa masa suna Ɗan Duwan, wato ɗan kwastan, wai ba kayan da za su shigo gari bai buga musu hatimi ba.

Ba irin dabarar da Mas'udu bai yi ba. Ya ɗaure shi, ya ci igiyar. Ya riƙa zagayawa da shi bayan gari da sassafe don ya juye abin da ke mararsa, ashe kullum da ragowar da yake ɓoyewa. Likitan dabbobi ya ce a fiɗiye shi, Mas'udu ya dubi idon karen ya ji ba zai iya ba. Daga ƙarshe ya koma yawo da ɗan bidon ruwa, wato 'yar jarka, da guntun sabulu, bakinsa kuma ya goge da ban haƙuri.

Ranar da Malam Manzo, mahaifin Hinda, ya aiko cewa yana son ganin yaron da ke zuwa zance wurin 'yarsa, Mas'udu ya ji kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya san daga wannan ganin ne za a ce ya turo manyansa, ko kuma a ce ya ɗauke ƙafa. Ya kulle karen a ɗakin ajiyar harawa, ya tokare ƙyauren da turmi, ya yi wanka ya sa rigar salla, ya bi ta cikin gonakin da aka girbe zuwa ƙauyensu Hinda. Tafe yake yana murmushi shi kaɗai, yana gaishe da kowa har da waɗanda ba su kula shi ba. Bidon ma a gida ya bar shi.

Ya tarar da Malam Manzo a gindin bedi, ƙofar gidansa, zaune kan tabarma da dattawa biyu. Shi ke jan salla a ɗan masallacin unguwar, ranar kuma ya sha babbar riga fara ta shadda, tana ta ƙamshi, gefenta ɗaya ya zubo bayan tabarma ya kwanta a kan rairayi. Mas'udu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ake yi gaban suruki, ya kafa idonsa a ƙasa.

Wannan sunkuyon ne ya sa shi kaɗai ya gani. Dattawa na kallonsa suna tambayar lafiyar mahaifinsa da yadda gyaɗa ta yi bana, shi kuma ta wutsiyar ido ya hango ƙafafu huɗu jajaye suna fitowa daga bayan danga, da sauran harawa maƙale a gashin. Ya so ya daka tsawa, amma wa ke tsawa a gaban suruki ranar ganin farko? Yana ji yana gani Ɗan Duwan ya shinshina gefen shaddar nan, ya ɗaga ƙafa a natse, ya gama, ya waiwayo ya kaɗa wa ubangidansa wutsiya, ya sulale ya koma inda ya fito.

Malam Manzo na tambayarsa ko ya sauke Alƙur'ani, shi kuwa ya amsa da cewa lafiya lau.

Rana ta karkata, la'asar ta kusa. Mas'udu ya shiga lissafi da zuciyarsa. In ya yi shiru, ba wanda ya gani, rigar za ta bushe, ya tashi da mutuncinsa. Amma mutumin nan zai shiga gaban jama'a ya ja su salla da fitsarin kare a jikinsa, shi kuma yana sahu yana sane. In kuwa ya yi magana, ya buɗe baki ya gaya wa uban Hinda abin da ke bayan rigarsa, sannan a tambayi mai karen. Duk ta inda ya juya sai ya hango Hinda tana yi masa nisa.

Sai ga ta ta fito da kwanon fura, lulluɓe da mayafi ruwan ganye. Ya ce a ransa Allah ya kawo mafita. Da ta durƙusa ta ajiye kwanon, ya ɗaga mata gira, ya karkata ido wajen rigar, ya sake ɗaga gira, har ya ɗan turo baki. Hinda ta ɗauka tsabar so ne ya hana shi haƙuri a gaban babanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya, ta shige gida da sauri, sai ƙarar awarwaronta ta bar masa.

Ya nemi izini ya je ya gaishe da tsohuwa. Iya Fadi, kakar Hinda, tana zaune a zaure tana ɓarar gyaɗa. Da ganinsa ta fara tsiyar da ta saba, wai angon nata ya rame, ko geron gidansu ne ya ƙare? Ya matso kusa da kunnenta ya zayyana mata komai, ya roƙe ta don Allah ta gaya wa ɗanta ya sauya riga. Tsohuwa ta saki gyaɗar, ta riƙe ciki, ta yi ta dariya har hawaye na bin kumatunta.

"Angona, ka makara," in ji ta, tana share ido da gefen zane. "Wancan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ko sunansa ban taɓa kamawa ba, yau ne zan je ina leƙa bayan rigarsa? Kai da karenka kuka ƙulla, ku kwance."

Ya ce to ta aika Hinda. Ta ce Hinda ta shige ɗaka ta ce ko da bulala ba za ta sake fitowa ba, saboda irin kallon da wani marar kunya ya yi mata.

Ana cikin haka ladan ya kira salla. Ya fito ya ga dattawa sun kammala alwala, Malam Manzo ya miƙe ya kaɗe riga ya saɓa hannuwanta a kafaɗa, tabon na nan a ƙasa, ɗan rawaya-rawaya, rairayi ya manne masa. Mutanen unguwa suka taru, aka shiga daidaita sahu, ladan ya fara iƙama. Mas'udu ya ga liman ya ɗaga ƙafa zai taka tabarmar masallaci. Bai san lokacin da ya ratsa mutane ba, sai ganin kansa ya yi durƙushe, ya damƙe gefen rigar surukinsa da hannu biyu.

Iƙama ta tsaya a tsakiya. Malam Manzo ya waiwayo ya dube shi daga sama.

"Lafiya, yaro?"

"Baba, a gafarce ni. Rigar nan ba ta salla. Kare ya yi mata fitsari."

Malam ya jawo gefen ya duba, ya kai kusa da hanci, ya yi saurin janyewa. Ya tambaya karen wane ne, don unguwarsu ba mai kiwon kare. Mas'udu ya sunkuyar da kai.

"Nawa ne, Baba. Biyo ni ya yi."

Wani daga sahun baya ya ce ashe Ɗan Duwan ne ya ƙetaro, sai dariyar da ake dannewa ta ɓalle, har ladan ya juya baya yana tari. Malam Manzo bai yi dariya ba. Ya tuɓe babbar rigar a hankali, ya dunƙule ta ya ɗora wa Mas'udu a hannu, ya ce ya ajiye ta waje, ya wanke hannu ya shigo sahu. Da 'yar shara ya ja sallar. Mas'udu bai taɓa yin sallar da ya roƙi Allah da gaske irin wannan ba.

Bayan sallama ya ɗauki rigar ya koma gindin bedi. Iya Fadi ta turo Hinda da bokiti da sabulu. Tana zuba ruwa yana cuɗawa, ta ƙi yarda su haɗa ido, amma ruwan sai karkacewa yake yana zuba a ƙafarsa saboda dariyar da ke cin ta. Ta ce a hankali ashe girar ba tata ba ce, ta rigar Baba ce. Ya rantse mata rabi nata ne. Inda ya cuɗa kuwa ƙyallin shaddar ya mutu, wurin ya yi fari fat kamar an yi faci, ya san ko mabugi ba zai dawo da shi ba.

Inuwa ta faɗo a kansu. Hinda ta ajiye moɗa ta ruga gida. Malam Manzo ya tsaya yana duban facin, Mas'udu kuwa na durƙushe da kumfa har gwiwar hannu. Sannan ya tambaye shi ko akwai wanda ya ga abin ban da shi. Mas'udu ya ce babu. Malam ya gyaɗa kai, ya shafa gemu, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ka gaya wa manyanka su zo ranar Juma'a," ya ce. Ya juya zai tafi, ya sake waiwayowa. "Su kaɗai. Riga ɗaya ta rage min."

Mas'udu ya shanya rigar a kan danga, ya ɗauki takalminsa a hannu ya manta bai sa ba. Sai da ya fita gari ya yi tsalle ya buga ƙafa, ya faɗi a kan rairayi yana dariya, ya tashi ya kama hanyar gida da gudu don ya kai wa babansa labari kafin magariba.