Inda Kifi Yake

Labbo ɗan Argungu ne, jikan masunta, kuma tun yana yaro ya haddace doka guda: inda ka ga wani ya cika gora da kifi, nan za ka tsoma homarka. Da wannan wayon ya buɗe shagon intanet a Birnin Kebbi, bango ɗaya da shagon Ndubuisi, wanda ya riga shi zama a layin. Ndubuisi ne ma ya ara masa tsani ranar kafa na'ura.

Na'urorin nan masu watsa intanet ba tare da waya ba suna da tashoshi kamar rediyo, kowa ya zaɓi tasa. Labbo ya leƙa a kwamfutarsa, ya ga Ndubuisi na kan tasha ta shida, ga ɗaliban poli cike da shagonsa. Ai nan kifin yake! Ya koma ta shida. Nan take sabis ya kama tafiyar hawainiya a shagunan biyu. Ndubuisi ya koma ta ɗaya, gogan ya bi shi, har da murmushin wai ya gano maɓoya. Abu ya ƙara dagulewa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Labbo ya bi layi yana cewa maƙwabcinsa na janye masa sabis don baƙin ciki. Bai tsaya nan ba, ya je wajen Malam Tamba mai shagunan, ya ce a tashi mutumin.

Malam Tamba ya tara su gaban sauran 'yan haya.

Ndubuisi ya ce, "Baba, na'ura biyu bisa tasha guda, kamar mutum biyu na masu magana lokaci guda, ba mai jin wani. Duk sadda nig ga tasa ta zo tashata, sai in matsa in bar mai wuri. In na matsa, ta biyo ni."

"To mi ya hana ka yi mai magana?"

"Na zaci na'urar ta ka yin haka da kanta. Labbo ba shi yi min haka."

Malam Tamba ya juya. "Labbo, na'urar ta, ko kai na?"

Kunya ta rufe Labbo, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa Ndubuisi ya yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ni na, Baba," ya ce, kansa a ƙasa.

Ya koma shago, ya tarar da tsanin aron nan jingine bayan ƙofa, har yau bai mayar ba.