Teku Ba Ya Jiran Damina

Muttaka direba ya kai baƙin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, wani tsibiri can arewa da Doha, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, abin da tun farko bai kwanta masa ba. Ya ajiye mota a busasshiyar ƙasa ya bi su kallon tsuntsaye da tarin ɓawon katantanwa, wai da shi ake rini a zamanin da.

Da suka dawo, mota tana tsaye cikin ruwa har rabin taya. Ya ɗaga kai, babu ko gajimare. Shekararsa arba'in da bakwai, mutumin Gumel bai taɓa ganin ruwa ya ƙaru ba damina ba.

Ya kira Mumin a waya, ɗan Takoradi ta bakin teku, abokin ɗakinsa a unguwar Najma.

"Maigida, teku ne. Kullum sai ya zo ya koma."

"Wa ya aiko shi?"

"Ja motar tukuna, kafin ya kai inji."

Baƙi suka naɗe wando suka tura, mota ta fito da ƙyar. Sau uku ya wanke ta kafin ya miƙa makulli. Kafil ya tambaye shi yaya ya ga teku.

Muttaka ya ce, "Shi ne ya zo ya gan mu."