Amsar da Clarrie Ya Bayar a Zauren Gari

Ranar Asabar Noeleen ta rufe shagonta da wuri ta tafi zauren gari, inda mijinta Clarrie zai yi muhawara. Makiyayin tumaki ne, yana takarar majalisar dattawan Ostireliya a wata ƙaramar jam'iyya mai cewa gwamnati ta sakar wa mutane mara.

Kan sabuwar dokar zaɓe ake gardama. Mai ƙuri'a zai jera jam'iyyun da yake so da kansa, shugabannin jam'iyyu su daina cinikin ƙuri'arsa a ɓoye. Alhali da wannan cinikin ƙananan jam'iyyu ke samun kujera.

Mahaucin garin ya ɗaga murya: "Kai Clarrie, dokar nan kabarinku ce! Ina surutun 'yancin yanzu?"

Aka kwashe da dariya.

Clarrie ya ce, "Na sani, abokina. Shekara ashirin ina cewa a bar mutum ya zaɓa wa kansa. Ba zan canza baki saboda kujera ba. Ina goyon bayan dokar."

Noeleen ce ta fara tafa masa, a tsaye.

Bai ci zaɓen ba. Amma har yau duk baƙon da ya zauna a gidansu sai ta ba shi labarin nan.