Takalman Hansatu a Bakin Ƙofa

Bayan rasuwar Joda, leburan da ya faɗi a sito yana fesa wa wake maganin ƙwari, hedikwatar kamfanin da ke Kano ta turo ma'aikaciyarta Ramlat Potiskum ta binciki abin da ya faru.

Ta yi taka-tsantsan. Manajan reshen, Alhaji Halliru, ya ce ta sauka a gidansa, ta ƙi. Ofishinsa ma ta ƙi. Ta zaɓi ɗan ɗakin da mata masu tsince wake suke salla, can bayan sito, ta ce kowacce sai ta shigo, ɗaya bayan ɗaya, don kada a gane wadda ta yi magana.

Haka suka riƙa cire takalma a bakin ƙofa, su shiga, su ce ba su ga komai ba, su fito.

Da aka zo kan Hansatu, wata dattijuwa daga unguwar Bolewa, sai ta zauna tana murza bakin mayafinta.

"'Yar nan, in na faɗa, wa zai ji?"

"Ni kaɗai, Iya. Ko sunanki ba zan rubuta ba."

"Da tsintar waken nan nake ciyar da marayuna fa."

"Na sani. Babu abin da zai taɓa aikinki."

Sai Hansatu ta buɗe baki. Ta ce ranar tana kusa da ƙofar sito ita da Bara'atu, abokiyar aikinta. Joda ya nemi abin rufe hanci, manaja ya ce babu, mota na jira. Manajan ne kuma ya sa aka rufe tagogi don kada maganin ya fita. Ta daɗe tana jin tarin Joda kafin ya daina. Tana faɗa tana kuka, Ramlat ba ta katse ta ba.

Da suka fito, Alhaji Halliru na zaune kan benci a gindin famfo, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Bai dube su ba. Silifas ɗin da ke bakin ƙofa yake kallo, kore, an ɗaure igiyar ɗaya da waya.

"Hansatu, yau takalmanki sun sha rana," ya ce yana murmushi. "Na sauran ko ɗumi ba su yi ba. Taka a hankali, kada su ƙona ki."

Washegari Ramlat ta tambayi Maigandi, mai tsaron get, ko Hansatu ta iso.

"Ta zo, ta koma. An ce wake ya ragu, an rage ma'aikata."

"Su wa da wa?"

"Ita kaɗai, Hajiya."

Ramlat ta kira Kano. Aka ce mata masu aikin yini ba su da takardar ɗauka, kuma maganar mutum ɗaya ba ta isa a dakatar da manaja ba. In ta samo shaida ta biyu, sai a cire shi, a mayar da matar.

Ta aika aka kira Bara'atu. Bara'atu ta shigo da takalmanta a hannu, ta ƙi zama.

"Ban ga komai ba, Hajiya. In tafi?"