Akwatin Wifi a Ɗakin Inna Azumi

Na-Allah ya jera sababbin akwatunan wifi uku a kan teburin shagonsa, ya ture tsohon da Sirajuddeen ya kawo zuwa gefe da bayan hannu.

"Wanga naka ya tsuhwa, Malam. Ƙaho biyu gare shi kamar ɗan akuya. Dibi wanga, ƙaho huɗu."

"Ba layya zan yi da shi ba," in ji Sirajuddeen. "Mi yake yi wanda nawa ba ya yi?"

"Gudu. Kahin ka ce bismilla takardarka ta isa Kwatano."

Sirajuddeen ya juya kwalin yana karanta ƙananan rubutun da ke baya. A Maroko ya yi karatu, ya dawo Malanville da ɗabi'ar da ke ba 'yan kasuwa haushi: ba ya sayen abu sai ya karanta bayansa. Aikinsa shirya wa masu manyan motoci takardun duwan, wato kwastan, kuma tun da aka rufe gadar Gaya mai ƙetarawa Nijar yawancin aikin ya koma cikin waya da kwamfuta. Tsohon akwatinsa ya fara gajiya. Ana tsakiyar magana da wani a Kwatano sai fuskar mutumin ta daskare, baki buɗe.

Mai ƙaho huɗun ya fi sauri, amma da an ɗauke wuta ya mutu. Na biyu ɗan ƙarami ne, na sawa aljihu, ba ya wuce ɗaki ɗaya. Na ukun fari ne, ba ƙaho ko ɗaya, yana da batir a ciki da marufin da ake sa fus, wato layin waya.

"Wanga mara ƙaho hwa?"

"Shi ko an ɗauke wuta shina yi, wuni da kwana. Kana iya ɗaukar shi ka tahi Madekali da shi bisa kabu-kabu. Amma ba shi da kwarjini. Baƙo ba shi ganin shi ya san ka waye."

"Ina bukatar sabo kuwa? Nawa bai mutu ba."

"Kai ma ba ka mutu ba, amma ka canja tabarau."

A waje masu albasa suna ta sauke buhuna daga wata mota, warin ya cika rumfar. Sirajuddeen ya daɗe tsaye. Ya tambayi nisan da kowane ke kaiwa, ya tambayi waya nawa ke iya hawa lokaci guda, ya sa aka kunna kowane ya gwada a wayarsa. Daga ƙarshe ya ɗauki farin. Tsohon ya bar wa Na-Allah.

A gida, tsohon akwatin a tagar ɗakin baya yake zama, wadda ke kallon katangar maƙwabta, don nan ne soket ya fi kusa lokacin da suka tare. Sabon kuwa Sirajuddeen ya kai shi falo, kusa da teburin aikinsa. Ya ba shi sabon suna da sabon kod, lambar sirri mai tsawo. Ya sa a wayarsa da ta matarsa Basira. Ranar ya aika takardun mota uku ba tare da ya yi tsaki ba.

Bayan katangar nan gidan Inna Azumi yake. Tsohuwa ce, gajeriya, da ta yi shekaru tana turara shinkafa tana kai wa kasuwa kafin gwiwa ta zaunar da ita. Mijinta ya rasu. 'Ya'yanta mata suna aure a Gaya, ba sa zuwa sai sun shiga kwalekwale. Ɗanta na fari, Jabiru, yana Aljeriya yana aikin gini ba takardu. In ya fito ba zai iya komawa ba, don haka bai fito ba.

Kowa a unguwar ya san Inna Azumi ba ta taɓa faɗin sunan Jabiru ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji yadda uwarta ta koya mata. "Wancan" take ce masa, ko "mutanen can". In ya kira wayar wani aka miƙa mata, sai ta kau da kai ta ce tana aiki. Ranar da zai tafi ma ba ta raka shi ko ƙofar gida ba, tana tsugune tana hura wuta.

Kullum bayan la'asar takan jawo 'yar kujerarta ta tsuguno zuwa gindin katanga ta zauna da faifai tana tsintar shinkafa. Sirajuddeen yakan hango farin mayafinta ta taga. Wurin ba inuwa sosai, bai kuma taɓa tambayar kansa dalili ba.

Bayan ya canja akwati ta ci gaba da fitowa. Sai dai takan daɗe fiye da da, har magariba ta same ta a wurin. Wata rana ya ji ta tana matsar da kujerar, nan kaɗan, can kaɗan, tana bin katangar. Daga baya ta daina fitowa. Basira ta ce ƙirji ne, an kai ta likita an dawo da ita da magunguna, lokotoron da ya duba ta ya ce a bar ta ta huta a gida. Basira ce ke kai mata kunu safe da yamma.

"Tana ci?"

"Cokali biyu. Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta taɓa wayarta, ta maida hannun."

"Wa take jira?"

Basira ta ɗaga kafaɗa. "Ka taɓa jin ta hwaɗi?"

Da hantsi, yana cikin aiki, wata lamba ta waje ta kira shi. Muryar ta zo da ƙarar injin kwaɓa siminti a bayanta.

"Yaya Siraju, Jabiru ne, na Inna Azumi. Ka yi haƙuri na dame ka. Lahiya take?"

"Tana kwance. Ba a gaya maka ba?"

"An gaya min. Na kira wayar Basira an kai mata, ta ƙi karɓa. Na san za ta ƙi. Ba shi ne ba." Injin na ta juyawa a bayansa. "Wokal nike aika mata, saƙon murya. Kullum. Ba ta taɓa maido min ko kalma ba, amma ina ganin alama ta koma shuɗi, na san ta ji. To kwana biyun ga alama guda ce, ba ya ma shiga. Ko wayar ta lalace?"

"Da wane rezo take karɓa? Tana da intanet?"

"Naku mana. Sa'ad da na aiko wayar Basira ta sa mata kod ɗinku. Gindin katanga kaɗai yake kamawa."

Sirajuddeen ya dubi farin akwatin da ke kan teburinsa, fitilarsa kore tana ƙyaftawa.

"Wayar lahiya lau take," ya ce. "Ka ci gaba da aikowa."

Ya sami Basira a madafa tana tace kunu. Da ta ji, ta aje matacin, ta dafe kai.

"Wayyo ni. Wallahi na mance. Shekaru nawa da sa shi! Ke nan tana can tana zaton ya daina."

"Don mi ba ta tambaya ba?"

"Ta ce mi? Basira, ɗana ya daina yi min magana? Inna Azumi? Ai ta gwammace ta mutu."

Maganar ta fito kafin ta auna ta.

"Kawo min wayar in sa mata sabon kod," ya ce.

"Ba ta bari a taɓa. Kuma ɗakinta na can ƙurya, ko tsohon bai kai nan ba. In kuma kac ce mata don shi ne, sai ta ce a hitar mata da shi."

Sirajuddeen ya koma falo. Ya buɗe kwamfuta, ya goge sabon sunan da sabon kod ɗin, ya mayar da na da, harafi da harafi, yadda wayar tsohuwar za ta gane shi da kanta. Ya zare akwatin daga soket. Fitilar ba ta mutu ba. Ya rungume shi a hammata ya fita, Basira na bin sa da kwanon kunu.

Ɗakin Inna Azumi na ƙasa ne, mai sanyi, yana ƙamshin man zafi da tsohuwar shinkafa. An jera tukwanen turaranta a kife a kusurwa. Tana kwance a kan gadon ƙarfe, ta ƙanƙance har mayafin ya fi ta yawa. Ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi. Ɗan Maroko ne? Yau an tuna da tsohuwa."

"Alfarma na zo nema. Abin ga nawa zahi yake yi a ɗakinmu, kwano ya yi mishi yawa. An ce ɗakin ƙasa yake so. Ko za ki bari in aje shi nan?"

Ta juyo da ido ta dubi akwatin, ta dube shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Duk karatun da kay yi, abin da kas saya bai jure rana?"

"Haka sunka yi shi, Inna."

"Aje shi. Ba ya cin wuri."

Ya ɗora shi a kan tagar, kusa da kwalbar magani. Bai gama janye hannu ba, wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin matashinta. Ya sake yi. Ya yi ta yi, ɗaya na bin ɗaya, kamar kaji sun ga an buɗe akurki.

Inna Azumi ba ta motsa ba.

"Wagga waya ta cika surutu," ta ce. "Ku tahi, barci nike ji."

Suka fita. Basira ta saki labule. Sirajuddeen bai tsaya ba, amma tsakar gidan ƙarama ce, kafin ya kai ƙofa ya ji muryar namiji ƙasa-ƙasa daga cikin ɗakin tana cewa, "Inna, ina wuni. Yau mun gama bene na uku."

Ya koma aiki da rezon wayarsa, wanda kan tsallaka kogi ya kama na Nijar in ya ga dama. Fuskokin mutanen Kwatano suka koma daskarewa. Kowace yamma yakan je ya ɗauko akwatin ya sa masa caji, ya mayar kafin magariba. Basira ta ce duk lokacin da ta shiga takan same ta ta juya fuska ga bango, wayar a tsakanin kunnenta da matashi. Da ta ji motsi sai ta yi kamar mai barci.

'Ya'yanta mata suka ƙetaro daga Gaya, ƙafafunsu da lakar bakin kogi. Ɗakin ya cika. Tsohuwar ta daina shan kunun ma. Ranar Laraba da rana, matan sun fita salla, Basira kaɗai ke zaune tana yi mata fifita, Inna Azumi ta zaro wayar ta ɗora a kan cinyar Basira. Ba ta taɓa yin haka ba.

"Riƙe min, nauyi gare ta." Ta yi numfashi. "An ce sanyi ake yi can ƙasar."

"Haka anka ce, Inna."

Basira ta dubi fuskar Jabiru a kan gilashin wayar. Ta ɗora yatsa a kan alamar ɗaukar murya, ta danne, ba ta ɓoye ba. Tsohuwar ta ga yatsan. Ta mayar da idonta kan rufin ɗaki.

"Mutanen can ba su da wayo. Tun suna ƙanana ba su son riga. In kin samu mai zuwa, ki ce su sa riga. Su ci abinci da zahi." Ta lumshe ido. "Ki ce ba a riƙe su da komi ba."

Basira ta saki yatsa. Saƙon ya tafi.

Washegari da safe ta cika. Aka yi mata wanka, aka sallace ta a ƙofar gida, aka kai ta kafin rana ta take. Sirajuddeen ya kira lambar Jabiru tun daga maƙabarta, ba ta shiga. Wani da ya taɓa zama can ya ce in suna cikin gini ba sa samun rezo sai sun sauko.

Da suka dawo maza suka zauna kan tabarmi a waje. Mata suna tsakar gida. Basira ta leƙo ta yafito shi, ta miƙa masa wayar tsohuwar a naɗe cikin gefen zane.

"Yanzun ga saƙon Jabiru ya shigo," ta ce. "Bai sani ba tukuna. Ni ba ni iyawa."

Ya karɓa. Ya shiga ɗakin. An cire katifar an kai waje, gadon ƙarfen ya rage tsirara, sai matashin da aka manta. Akwatin na kan taga, fitilarsa ta koma ja, batir ya kusa ƙarewa.

Zai kira Jabiru kuma, zai gaya masa. Wannan aikinsa ne, zai yi shi yanzu a waje. Amma wannan saƙon ba nasa ba ne.

Ya ɗora wayar a kan matashin, ya danna.

"Inna," in ji muryar, da iska a bayanta. "Inna, na ji. Na sa rigar. Ga ta a jikina."

Sirajuddeen ya fita, ya saki labulen a bayansa. Muryar ta ci gaba da magana a cikin ɗakin.