Yatsun Baba a Babi na Biyar

Ni dai har yau ban gane wane irin ilimi ne ba ya shiga sai an haɗa shi da soyayyiyar kaza ba. Auta ta ce haka ake yi a sashensu: ranar da ɗalibi zai kare kundin digirinsa na biyu, shi ke ciyar da malaman da za su yi masa tambayoyi. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma wanda ya zo hannu rabbana ya san sauran. Ni ce babbar yayarta, Inna kuma Allah ya yi mata rasuwa, don haka a kaina suyar ta faɗa.

Karatun nata kan fasahar hada-hadar kuɗi ne da dokokin da suka dace da ita. Abin da ta bincika shi ne na'urar nan da ake dangwala wa yatsa kafin a buɗe wa mutum asusun banki. Wani kwamiti na shirin ba da shawarar a mayar da dangwalen dole, kuma kundin ɗaliban sashen na cikin abin da ake kai masa. Auta ta bi kasuwanni da wuraren gini, ta gano akwai mutanen da na'urar ba ta gani kwata-kwata: magina, masu wanki, tsofaffi, duk wanda aiki ya cinye zanen yatsunsa. Su ta tara a babi na biyar. Babanmu magini ne, siminti ya mayar da yatsunsa sumul kamar bayan cokali, kuma hoton hannayensa ne ya buɗe babin.

Farfesan da ke duba aikinta ya sha ce mata ta cire babin. Wai tsiraru ne, suna ɓata lissafi, kuma a ƙa'idar bincike ware irinsu ake yi. Kowa a sashen ya san yana ba kamfanin na'urar shawara, kamfanin kuma shi ya gina musu sabon ginin mai gilasai. Auta ta ƙi. Matsalar ita ce ba digiri sai da sa hannunsa, aikin da wata cibiyar bincike ta yi mata alkawari kuma sai da digirin.

Ranar kare kundin, Baba ya ce sai ya zo. Ya sa kayansa na fita kunya, ya karɓi kular kaza ɗaya daga hannuna duk da na hana shi. A bakin ginin muka tarar da na'urar, kyautar kamfani, baƙo ma sai ya dangwala a yi masa rajista. Na sa yatsa, ta kawo kore. Baba ya sa, ta kawo ja.

"Baba, goge a riga ka sake," in ji mai gadi.

Ja.

"To shafa a goshi, wani lokaci maiƙo take so."

Dattijo ya shafa yatsa a goshi a gaban ɗalibai, ya sake, ta sake kawo ja. Mai gadin ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in ba ita ta buɗe ba shi ba shi da iko. Baba ya yi dariya ya miƙa mini kular.

"Ku shiga, ni da wannan abar mun daɗe ba ma ga maciji. Ga benci can, ina jiran labari."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, na ja hannunta, don an riga an kira ta.

Ɗakin sanyi ƙalau, ga dogon tebur, ga malamai jere. Aka ce in zauna a baya kusa da kuloli. Auta ta haska allo ta fara bayani. Ba ta gama gabatarwa ba sakataren sashe ya yafuto ni, wai a fara rabawa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe haka tsarin yake, ɗalibi na magana, malamai na ci.

Wallahi ban taɓa jin ƙyamar abincin da na dafa da hannuna ba sai ranar. Yarinya na bayanin aikin da ya hana ta sakat shekara da shekaru, su kuma suna fama da ƙashi. Wanda aka gayyato daga wata jami'a, wai shi ne babban alƙali, ya naɗe hannun riga ya kama cinya da hannu biyu. Kwafin kundin da ke gabansa sabo fil, ko lanƙwasa bangon bai yi ba. Kura ma in ta samu nama tana ɗaga kai ta duba hanya, shi ko sau ɗaya bai kalli allon ba.

Da aka zo tambayoyi, ɗaya ya ce gefen takardar ya yi faɗi. Wani ya ce bai ga an ambaci maƙalar Farfesa a babi na biyu ba, aka nuna masa har wuri uku, ya ce to a ƙara. Wata matashiyar dakta ce kaɗai ta ce, "Ni abin da ke babi na biyar ya tsaya mini a rai." Farfesa ya yi gyaran murya. Ta duba shi, ta duba kwalbar lemonta, ta ce dama kan tsarin jadawalin take nufi.

Sai a lokacin baƙon alƙalin ya buɗe kundin. Ya laluba ya kai babi na biyar, ya danne shafin da babban yatsa, ya ce, "Wannan hoton na mene ne? Nan ba gidan jarida ba ne."

Ko fita ba a ce mu yi ba don su yi shawara. Farfesa ya goge baki ya ce, "Kin ci, sai ɗan ƙaramin gyara. A cire babi na biyar, a daidaita lissafin, ki kawo in sa hannu."

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, mai hannun nan mahaifina ne. Yanzu haka yana waje a kan benci, na'urar ƙofarku ta ƙi shi."

Na ce a raina to yau dai kunya za ta yi aikinta.

"Allah sarki," in ji Farfesa. Ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, a kai wa dattijo kaza mana." Sannan ya koma kan Auta. "Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, ɗiyata. Kin fi kowa sani. Kina son takardar nan ko kuwa?"

Na so ta ɗauki kular nan ta kife masa a ka. Na kuma san daren da ta raba tana karatu, da yadda Baba ke gaya wa duk wanda ya tsaya cewa autarsa ta kusa fara aiki. Na rasa wanda nake jin haushi, su ko ita ko ni da na soya kazar.

"To, Farfesa," in ji Auta.

Suka yi mata tafi da hannuwa masu maiƙo. Da suka watse, baƙon ya bar kwafinsa a kan tebur cikin ƙasusuwa. Auta ta zaro shi ta kakkaɓe.

Baba na ganinmu ya miƙe. "Yaya aka yi?"

"Na ci, Baba."

Ya yi hamdala ya sake yi, ya sa mata albarka. Sannan ya ce, "Sun ga hannun nawa?"

Ta buɗe masa shafin. Ga hannayensa a buɗe, a tsakiyar tafin kuma ga tambarin babban yatsan baƙon, da man kaza, kowane zane ya fito raɗau. Baba ya kawo shafin kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Kai, wannan yatsa ya ji daɗin duniya," ya ce. "Shi kam ko ina ya je ƙofa za ta buɗe."

Ya rufe kundin zai miƙa mata, ta mayar masa da shi.

"Riƙe, Baba. Ka adana shi da kyau."

"Ba na makaranta ba ne?"

"Na makaranta daban za a buga," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Wannan ne kaɗai kake ciki."