Naka Ne?

Sagiru da bakinsa ya gayyato Bawah, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ba wanda ya aike shi.

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar gasar cin kofin duniya. Kafil ɗinsa, wato maigidan da yake wa aiki a Doha, ya miƙa masa makullin babbar mota, ya ce ya fitar da Shahin sahara ya sha iska, tunda hayaniyar 'yan kallo ta hana karen sakat a Mu'aither. Shahin saluki ne, irin karen farautar Larabawa, dogo siriri mai kunne kamar geza. Sagiru direba ne, ba ruwansa da kare, amma lokacin korona da maigidan ya maƙale a ƙasar waje, shi aka bar wa. Har riga ya ware ta taɓa kare, wadda ba ya salla da ita.

A kullen koronan nan ne kuma ya san Haulatu, 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu. Shi yake kai wa ɗalibai cefane, ya ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya. Shekara biyu ke nan suna waya. Ya karatu, ya jiki, ya su Mama. Yana son ta kamar ransa, amma bai taɓa furtawa ba, wai sai ya samu wurin da ya dace. To yau ya samu: fararen duwatsun Zekrit, can yamma da Doha. Haulatu ta ce za ta zo da ƙanwar mahaifiyarta, Anti Saudatu, nas ce a garin. Shi kuwa ya ce bari ya ɗauko Bawah, ɗan zangon Kumasi mai gadi a filin ƙwallo, don ya riƙe kare, shi hannunsa ya huta. Dabara ke nan wai!

Tun a zama lissafi ya ƙwace. Anti da Haulatu a tsakiya, Bawah da Shahin a kujerar ƙarshe, wato bakin Bawah daidai kunnen Haulatu. Sagiru kuwa shi kaɗai a gaba, ya koma direban da yake tun asali.

Kuma mutumin nan bakinsa ba ya hutawa. Kafin su hau hanyar Dukhan ya ba da labarin wani ɗan Ajantina da ya yi kuka a kafaɗarsa a ƙofar shiga. Haulatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Sagiru ya dubi madubi, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Shekara biyu bai taɓa jin wannan dariyar ba, ashe tana da ita ajiye.

"Sagiru, titi fa," in ji Anti Saudatu. "Madubin nan ba zai gudu ba."

A Shahaniya suka tsaya salla da kallon raƙuman tsere, waɗanda ake ɗaura wa ɗan mutum-mutumi mai bulala a doro. Wani makiyayi ɗan Sudan ya ba su nonon raƙumi a kwano. Sagiru ya kurɓa ya yamutsa fuska. Bawah ya shanye tas, ya yi wa mutumin godiya da Larabcin da bai kai kalma biyar ba, suka rungume juna sai ka ce 'yan gida ɗaya. Sai ga ayarin 'yan Meksiko da manyan malafunansu, suka yi caa a kan Shahin suna neman hoto. Wa ke riƙe da igiya? Bawah. Wa aka jawo tsakiya? Haulatu. Wa aka miƙa wa wayoyi, har da ta Bawah, ya ɗauka? Kun sani.

Wata dattijuwa 'yar Maroko ta nuna Bawah da Haulatu ta tambayi Sagiru ko sabon aure ne. Ya ce a'a da ƙarfin da har matar ta ja da baya.

Shi ma Shahin butulu ne. Karen da Sagiru ya ciyar wata da watanni, ya kwashe masa kashi, yau ya ɗora haɓa a cinyar ɗan Kumasi yana lumshe ido. Sagiru ya ji kishin kare, ya ji kunyar jin kishin, ya ƙara jin haushi.

Bayan la'asar suka isa Zekrit. Duwatsun nan farare, iska ta sassaƙe gindinsu sun koma kamar lema. Aka kwance Shahin ya zuba gudu, ya dawo ya tsaya gefen Haulatu a gindin dutse. Anti ta shimfiɗa darduma ta zauna. Sagiru na bayan mota yana sauya riga, yana maimaita kalmomin da ya tanada, sai ga Bawah ya zo, fuskar nan ba wasa.

"Ɗan'uwa, zan tambaye ka tsakani da Allah." Ya yi nuni da haɓa wajen dutsen. "Naka ne? In naka ne, in cire ido."

Sagiru ya duba, ya ga kare. Wani sanyi ya sauko masa har tafin ƙafa. Ashe duk wannan rawar kai a kan kare ne! Dariya ta kusa ƙwace masa.

"Nawa? Allah ya kiyaye. Riƙo kawai nake yi tun korona, don ba yadda zan yi."

"Amma ya saba da kai."

"Sabon dole. Ni na gaji. In kana so ka nemi masu shi, ku daidaita."

"Wallahi ya shiga raina," in ji Bawah. "Yana da hankali."

"Sosai ma. Yalla, je ka, Allah ya ba da sa'a."

Bawah ya kama hannunsa da hannu bibbiyu ya girgiza, ya wuce kai tsaye wurin Anti Saudatu ya durƙusa.

"Mama, Sagiru ya ce ba nashi ba ne. Ina so a ba ni lambar baban shi, zan nemi auren shi."

"Auren wa? Kare?"

"A'a, Mama. Haulatu."

Nan Sagiru ya ji ƙasa ta juya. Hausar zango! Mutanen nan ba su raba mace da namiji a magana, kowa "shi" ne, kowa "ya" ne. Sau nawa ya ji Bawah yana cewa mahaifiyarsa ya kira shi a waya, yana yi masa dariya? Ya taho da gudu, riga rabi a wuya.

"Kare nake nufi! Wallahi kare nake nufi!"

Haulatu ta riga ta matso. Ta tambayi Bawah me aka ce daidai, shi kuwa bawan Allah ya maimaita mata duka, riƙo tun korona, sabon dole, na gaji. Anti ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Haulatu ba ta yi dariya ba.

"Na san kare kake nufi, Sagiru," ta ce. "Ban ɗauke ka mugu ba. Amma shi wuni ɗaya ya yi, ya faɗa da Hausarsa karyayyiya, a gaban uwata. Kai da Hausarka lafiyayyiya, shekara biyu me ka ce?"

"Yau zan faɗa. Don shi na kawo ki nan."

"Tun safe muke tare. Madubi kake kallo."

Sagiru ya ƙarasa zura rigarsa. Bawah ya miƙe jiki a sanyaye, ya ce in haka ne shi ya janye, bai zo cin amana ba.

"Zauna, Malam Bawah," in ji Haulatu. "Ka tambaya an ba ka amsa." Ta juya ga Anti. "Ki ba shi lambar Baba."

Anti Saudatu ta fara karantowa. Bawah ya laluba aljihu, sai ya tuna wayarsa tana hannun Sagiru tun ɗaukar hoto a Shahaniya. Ya miƙo hannu a kunyace. Sagiru ya ciro ta ya ba shi.